Ari Mai Birai

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a tsohuwar tashar motar Haɗeja ya san biran nan na jikin bango. Sun sha manyan riguna da huluna, sun kewaye tebur suna taron gaggawa a kan yunwar da ta addabi daji, fuskokinsu duk tausayi, amma kowanne ya zura hannu ƙarƙashin tebur cikin kwandon ayaba. Ari ne ya zana su, daga nan kuma sunan Ari Mai Birai ya manne masa. In ka tambaya a gari za a ce maka ba a taɓa yin mai barkwanci kamarsa ba. Ƙarya ake yi wa bawan Allah. Ari bai taɓa tsoma buroshi a fenti don ya ba wani dariya ba. Da ɓacin rai yake zane tun yana saurayi, abin da ya nema a rayuwarsa kuwa bai wuce guda ba, wato a yarda da gaske yake. Garin nan ya ƙi yarda har sai da abin ya ci masa 'ya.

Babarbare ne. Kakansa ya taso daga bakin Tafkin Cadi da jakuna da gafakar littattafai, ya yada zango a Malam Madori zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa, bai ƙara gaba ba. Mahaifin Ari malami ne, gwanin zayyanar allon sauka, mutum mai sanyin hali wanda zai wuni a kan layi ɗaya bai ce uffan ba. Ari ya gaji hannun, bai gaji haƙurin ba. Tun yana yaro in ya ga an yi wa wani rashin adalci a kasuwa sai ya kasa cin tuwo, ga shi kuma ba shi da baki. In ransa ya ɓaci magana sarƙe masa take yi a maƙogwaro, ya yi ta in-ina har a yi masa dariya.

A bakin tashar Malam Madori akwai rumfar kwano ta Oga Bulus, mutumin Filato wanda ubansa ya zo aikin reluwe ya zauna. Shi ke zana zaki da gaggafa a bayan manyan motocin katako. Ari ya fara da leƙe, ya koma wanke buroshi da kananzir, ya koma cike launi, kafin a ankara direbobi sun fara cewa a ba Ari ya yi musu. A jikin kwanon rumfar akwai wata tsohuwar kalanda da Bulus ya manna don toshe ɓula. Hoton da ke jiki na dabbobi ne sanye da kwat da tabarau, sun yi zaman kotu, wata akuya tana tsaye a gabansu kanta a ƙasa.

Wata rana Ari ya ce, "Oga, me ya sa mai zanen nan ya sa musu kaya?"

Bulus bai ɗago daga ƙofar motar da yake wa rubutu ba. Ya ce, "Wani Ba'amurke ne, an ce ya daɗe da mutuwa. Da ya zana masu kayan da fuskokinsu ai da a gidan yari zai ƙare. Sai ya ara wa dabbobi rigunan."

Shi ke nan. Mai in-ina ya samu baki. Mahaifinsa ya daɗe yana fushi da wannan sana'a ta zanen abu mai rai, daga baya ya sauko, amma da sharaɗi: ko da wasa kada ya zana fuskar ɗan Adam. Ari ya ɗauki alkawari, kuma bai taɓa karya shi ba, har bayan ƙasa ta rufe idon tsohon.

Da ya yi aure ya dawo Haɗeja da matarsa Yakaka, ya kafa tasa rumfar. Allon shago da lambar mota su ke ciyar da gidan, amma ba su ne aikinsa ba. Aikinsa shi ne duk bangon da mai shi ya ce ga wuri. Shekarar da takin zamani ya yi ɓatan dabo, sai ga awaki sun yi dogon layi a rana a ƙofar sito, ta ƙofar baya kuma jakuna masu rawani suna fita da buhuna. Lokacin zaɓe ya zana kifaye sun yi sahu suna dangwala wa zalɓe. Da jabun magani ya kashe yara a unguwarsu, ya zana ungulu da farar riga tana yi wa 'yan tsaki allura. Kowane zane sai da ya kwana yana cin ransa kafin ya hau bango. Mutane kuwa su taru su yi ta ƙyaƙyata dariya, su ce kai Ari, Allah Ya shirye ka, su watse. Takin bai dawo ba, ungulun ma ba ta rufe shago ba.

Cikin 'ya'yan da Yakaka ta haifa, Mardiyya ce kaɗai ta rayu. Ita ce kuma kaɗai mutumin da bai taɓa yi wa zanen Ari dariya ba. Tun tana ƙarama za ta tsaya ta ƙura wa bango ido, ta nuna wani biri ta ce, "Baba, wannan ai mutumin nan ne da ya hana Inna ɗiban ruwa a famfo." Ba ta kuskure. Ta girma ta yi karatun koyarwa, aka tura ta firamaren Gajiwa, wani ɗan ƙauyen masunta a ƙasar Guri. In damina ta yi nisa babu hanyar zuwa can sai kwale-kwale.

Wanda bai san fadamar Haɗeja ba, bari a gaya masa abin da ake kira kacala. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi, saiwarta a saƙe kamar tabarma. In ta kama hanyar ruwa sai ta toshe ta ruf. Ruwan da ya kamata ya bi hanyarsa ya wuce sai ya rasa ta inda zai bi, ya fasa jinga ya shiga gonaki da gidaje, can gaba kuma wasu suna kukan fari. Masunci ya saka koma ya ciro ciyawa. Tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana, da safe ya sauka a kan shinkafar mutane. Kowa ya san maganinta, a yanke a yashe hanyar, kuma ba a rasa mai karɓar aikin.

Hanyar ruwan Gajiwa Alhaji Isa aka ba. Ɗan kwangila ne mai injin casar shinkafa, fari, dogo, da haƙorin makka a gefen baki da farin tabarau, hularsa kullum a karkace. Bafillace ne, ko da yake rabon gidansu da tatsar saniya tun kan kakansa. Ari ya san maganar aikin da kyau, domin shi aka kawo wa allon kwangilar ya rubuta, da sunan Alhaji ɓaro-ɓaro, aka kafa a bakin titi. Aka kawo ƙatuwar motar yashe ruwa, aka ɗauki hoto, aka share ɗan wurin da ake hangowa daga kwalta. Kafin sati ya zagayo motar ta koma inda ta fito. Mardiyya da ta zo hutun ƙarshen mako ta ce, "Baba, daga bayan kwanar nan ko kara ɗaya ba a taɓa ba. Mai jirginmu da hannu yake ture ciyawa."

Ari ya samu bangon rumfar masu bandar kifi, a tsakiyar kasuwa inda ba mai wucewa bai gani ba. Ya zana kura zaune a kan motar yashe ruwa, ƙarƙashin lema, tana sakace haƙori. Ya sa mata haƙorin makka. Ya sa mata farin tabarau. Ya karkata hular daidai yadda mai ita yake karkatawa. A ƙasa kifaye ne da kaya a ka da goyo a baya, suna barin kogi. Ko makaho ya shafa bangon nan ya san da wa ake. Da ya gama ya koma gida ya ce wa Yakaka ta haɗa masa tabarma da buta da bargo, don ya tabbata 'yan sanda na tafe. Wallahi murna yake yi. In aka kama shi za a je gaban alƙali, a gaban alƙali kuwa dole a tambayi ina aikin.

Ba ɗan sandan da ya zo. Alhaji Isa ne ya zo da kansa ranar kasuwa, da 'yan rakiyarsa. Mutane suka dare, masu kifi suka bar ciniki, kowa ya yi tsit yana jiran a yi ta. Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi kura daga hula har wutsiya. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Kai jama'a! Wa ya yi wannan? Ari? Babarbaren nan? To ai shi ke nan, bawa ya zagi ubangidansa! Ku zo ku ga haƙorina!"

Kasuwa ta ɗauka. Numfashin da aka riƙe duk ya fito a dariya.

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kowa yana iya gaya wa ɗaya baƙar magana a bainar jama'a, kuma abin kunya ne wanda aka gaya wa ya yi fushi. Al'ada ce mai kyau, an kafa ta ne don kada maƙwabta su zare wa juna wuƙa. Ari kansa yana yin ta kullum da Iya, wata dattijuwar Bafillatana da ke ajiye ƙwaryar nononta a inuwar rumfarsa. Ita ta ce da shi mai fuska kamar an yi huɗa, shi ya ce da ita sillen kara, su rabu kowa ransa fari. Amma Alhaji Isa a ranar nan ba wasa ya yi ba, dabara ya yi. Ya ɗauki al'adar iyayensa ya lulluɓa da ita kamar bargo. Tunda ya ce wasa ne, to duk wanda ya ɗauki maganar da zafi shi ne bai san zumunci ba.

Ari ya kutsa cikin taron. Ya ce, "Alhaji, ni... ni ba wasa nake ba. Ruwan Ga-Gajiwa..."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya juya ga jama'a. "Kun ji shi ko? Haka suke. Ko wasan ma fuska a murtuke suke yin sa."

Aka sake kwashewa. Da yamma aka aiko wa Ari ƙwaryar kindirmo, wai inji ubangidansa. Bayan 'yan watanni sai ga sababbin buhunan shinkafar Alhaji a kasuwa, an buga musu tambari: kura da tabarau da haƙorin makka. Shinkafa mai kura ta yi farin jini har Kano. Yara suna ganin motarsa su ce sai Kura, ya ɗaga musu hannu. Abin da Ari ya kwana yana ƙunar zuci a kai, shi ya zama talla.

Shekara ta zagayo aka sake ba Alhaji aikin hanyar da bai yi ba. Ari ya sake zane, wanda ya fi na farko zafi. Alhaji ya zo ya tsaya a gaban bangon aka ɗauke shi hoto da waya. Ari ya ƙara wani. Abu ya zama kamar wasan shekara, har mutane suna tambaya yaushe za a fito da sabuwar kura.

Mardiyya ce ta gaya masa gaskiya, wata Asabar tana tsince wake a tsakar gida. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In ka sa masa wutsiya ai taimakonsa ka yi. Sai ya ce da kura kake, ba da shi ba."

Ari ya harzuƙa. Ya ce tun ba a haife ta ba yake wannan aiki, ita ce za ta koya masa? Ya shuri takalmansa ya fita. Da zai iya dawo da rana ɗaya a duniya, wannan Asabar ɗin zai dawo da ita ya zauna ya taya ta tsintar waken.

A damanar da ta biyo baya ruwa ya zo da yawa. Da yake kacala ta cinye hanyar Gajiwa sai wata 'yar siririyar kafa, duk ruwan nan ta nan yake matsewa ya wuce da gudu. Ranar Litinin da safe Mardiyya ta shiga kwale-kwale tare da mata masu zuwa kasuwa. A bayan kwanar nan da ta taɓa faɗa, ruwa ya fizgi jirgin ya maka shi a kan tushen ciyawa, ya kife. Mardiyya ta iya ruwa, a bakin kogi ta tashi. Amma ba a iyo a cikin kacala. Ƙafa take riƙewa. Washegari masunta suka ciro ta, ita da wasu mata, nesa kaɗan da inda mutum zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Ranar sadakar uku Alhaji Isa ya zo gaisuwa. Ya zo da buhunan shinkafa, aka jibge su a ƙofar gida, kura tana yi wa masu zaman makoki murmushi daga jikin kowane buhu. Aka yi addu'a aka shafa. Da ya tashi tafiya, bakin nan nasa bai iya haƙuri ba. Ya sunkuyo ya ce, "Sai haƙuri, bawana. Ni dai na ɗauka ku 'yan bakin tafki ruwa ba ya cin ku."

Aka samu waɗanda suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Eh, an yi. Ana wasa a gidan mutuwa, gaskiya ne, amma mutuwar tsohon da ya ga jikoki ya ƙoshi da duniya. Ba a yi a kan budurwar da aka ciro daga cikin ciyawa da littafin darasi a jakarta. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya san haka, ba wanda ya buɗe baki. Ari ya buɗe baki, maganar ta sarƙe kamar yadda ta saba. Yakaka ce, da labari ya shiga cikin gida, ta fito da mayafinta ta ja buhunan ɗaya bayan ɗaya ta kai su bakin kwata ta bari. Ko ƙwaya ba ta shiga tukunyarta ba.

Ari ya rufe rumfa. Fenti ya bushe a gwangwani. Ya rame, ya daina zama majalisa, domin duk inda ya zauna sai wani ya ce yaushe za mu ga kura, wai don a ɗebe masa kewa.

Bayan shekara Alhaji ya gina sabon injin casa a hanyar Malam Madori, da doguwar katanga mai kallon titi. Ya aiko a kira Ari. Ya ce, "Manyan baƙi za su zo buɗewa daga Dutse da Kano, duk sun ji labarinka. Ga bango nan. Ka zage ni iya son ranka, kada ka raga. Ina so su yi dariya har su faɗi daga kan kujera."

Da labari ya kai gida, Yakaka ta ce wa Ari, "Malam, in ka taka wurin nan ban yafe ba."

Ya ce, "Ki bar ni wannan karon kawai. In na dawo kika ga ban kyauta ba, ki faɗi duk abin da kika ga dama."

Ya sa aka rufe katangar da tamfal daga sama har ƙasa. Kafin ya fara sai da ya je Gajiwa, ya sa mai kwale-kwale ya kai shi bayan kwanar, ya zauna ya daɗe yana kallon ruwan. Ya yanko kacala ya taho da ita, ya jingina a gindin bango don ya haɗa korenta daidai. Ba wanda ya bari ya leƙa sai Oga Bulus, wanda tsufa ya kama har idonsa ya fara hazo. Tsohon ya shiga bayan tamfal da sandarsa, ya matsa dab da bango yana bi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya kai ƙarshe sai ya cire hularsa.

Ya ce, "Ari, ba za su ƙara ba ka aiki ba."

Ari ya ce, "Na sani, Oga."

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, masu talla suka cika bakin titi. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana zuga jama'a, yana cewa yau kowa ya riƙe cikinsa, Babarbare zai yi wa ubangidansa rashin kunya. Tun ba a taɓa tamfal ba aka fara dariya. Aka ja igiya, tamfal ya zube.

Dariyar ta ɗan ci gaba, don ta riga ta taso. Mutane suna ta laluben bango da ido, suna neman inda wutsiya ta leƙo, ko kunne, ko hula a karkace. Babu. Ruwa ne jajaye-jajaye irin na tsakiyar damina, da kacala ta tashi sama ta rufe ko'ina. A tsakiya kwale-kwale ne a kife. Kusa da shi wani shuɗin hijabi ya maƙale a jikin ciyawa, ruwa yana jan gefensa. Babu mutum ko ɗaya, Ari bai karya alkawarin ubansa ba. A kusurwar dama kuma ga allon kwangilar nan na bakin titi, harafi da harafi, da sunan wanda aka ba aikin.

Wurin ya yi shiru har ana jin ƙarar janareta.

Alhaji Isa ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya yi murmushin da ya saba, ya ce da ƙarfi, "Kai bawa, ina kurata?"

Ari yana tsaye a gindin bango da rigar aikinsa mai dabbare-dabbaren fenti. Ya buɗe baki, a ranar nan kuwa maganar ba ta sarƙe ba.

"Alhaji, kura ba ta karɓi kwangila ba. Biri bai taɓa zama a kwamiti ba. Na daɗe ina yi wa dabbobin Allah ƙazafi, na bari. Wannan hijabin 'yata ne, sunanta Mardiyya. Wancan kuma sunanka ne."

Alhaji ya juya ga baƙinsa ya ware hannu. "Barebari ke nan! Kun ga irin wasan nasu ko?" Wani cikin yaransa ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai, ya ji ba mai taya shi, ya haɗiye sauran.

Daga can baya cikin masu talla aka ji muryar tsohuwa. Iya ce, da ƙwaryar nononta a ka. Ba ta matso ba, ba ta kuma sassauta murya ba.

Ta ce, "Alhaji, ni ma Bafillatana ce, kuma na girme ka. Wannan ba wasanmu ba ne."

Baƙi suka fara duba agogo. Aka yanka ƙyalle a gurguje, aka ci abinci kai a sunkuye.

Kada wani ya ɗauka daga nan duniya ta gyaru. Kafin la'asar an shafe bangon da farar ƙasa. Ba a kama kowa ba, ba a tambayi kowa ba, kacala tana nan a bayan kwanar Gajiwa ta ƙara tsayi. Dattawan unguwa ma, waɗanda suka yi gum ranar sadakar uku, sai ga su sun samu baki. Suka zo zauren Ari suka ce ya kunyata abokin wasa a gaban baƙi, ya ɓata zumuncin da ya girme shi, ya shirya su raka shi ya ba da haƙuri. Ya saurare su har suka gama, ya ce ya gode, ya rako su ƙofa. Yakaka tana jin su daga tsakar gida, ba ta aiko musu da ko ruwa ba.

Maganar Bulus ta tabbata. Masu shaguna da masu motoci da ke cin abinci a hannun Alhaji duk suka janye. Yanzu Ari yana nan a 'yar rumfarsa, gashi ya yi fari, yana rubuta lambar a-daidaita-sahu da allunan kaburbura. Bai ƙara zana dabba ba. Biran tashar mota sun koɗe, mai shayi ya yi roƙon duniya a sabunta masa su, Ari ya ce a bar su su huta. Iya har yanzu tana ajiye ƙwaryarta a inuwarsa, tana ce masa mai fuska kamar an yi huɗa, yana ramawa.

A da, in motar Alhaji Isa ta biyo ta gaban rumfar sai ta rage gudu, gilashi ya sauka, a ƙwala masa kira, "Kai bawa!" Yanzu ma takan biyo, don hanyar ɗaya ce. Tun daga nesa gilashin yake hawa sama, mai hula a karkace ya kau da kai yana kallon ɗaya gefen titi har a wuce.

Wata rana Yakaka ta kawo masa abinci rumfa, motar ta wuce a gabansu. Ta bi ta da kallo, ta dubi gwangwanayen da suka bushe, ta ce, "Malam, wai duk abin nan, me ka samu?"

Ari ya ci gaba da cike harafin da yake yi a kan allon kabarin wani. Ya ce, "Ya daina dariya."

Yakaka ta ajiye kwanon. Sannan ta ce, "Da ka ji maganarta tun ranar waken nan, da ta gani da idonta."

Buroshin ya tsaya a hannun Ari, fenti ya taru a baki ya ɗiga a kan allon, bai goge ba.